Kwana Arba'in

A Bilbis, cikin rufin gidan Tankari mai ɗinki,
shekara uku suna can, ba mai ji, ba mai gani,
sai ranar da injin niƙa ya tare a maƙwabta.
Suka harbi jakin mai ga-ruwa har ya kwanta,
suka rufe lakwal kwana biyu,
aka ce a kira Nomau.

Na zo bayan lisha da kashin shanu a tsohon gwangwani,
na ɗaga kwano, hayaƙi ya riga ni sallama.
Saƙa tara, baƙa kamar gindin tukunya.
Harbi goma sha ɗaya na ƙirga a wuyan hannu,
daga nan na bar lissafi.
Asuba ta same mu a hanyar Kalfu,
amya a bayan babur tana nishi kamar mai zazzaɓi.

Ƙarƙashin gawo na ba su kwana uku su huce.
Ba su huce ba.

Sai na nemi uwar.
Ga ta nan, doguwa, tana ratsa ƴaƴanta ba gaggawa,
ita da ba ta taɓa harbin mutum ba.
Tsakanin babban yatsa da manuni
aikin bai kai ƙiftawar ido ba.
Na goge hannu a wando. Na daɗe ina gogewa.

Wuni guda na bar su da maraici,
kukansu ya sauya, ya yi siriri.
Sannan na kawo baƙuwa daga amyar Arzika,
wadda yara ke wasan ƙasa a gindinta,
cikin ɗan keji kamar gidan ashana,
ƙofarsa toshe da dunƙulen sukari.
Suka yi mata ca, suna cizon waya.
Duk wadda ta ci sukarin don ta kai ga kashe ta
hanya take buɗe mata, ba ta sani ba.
Kafin ƙofa ta huje, ƙamshinta ya zama nasu.

Tankari ya tare ni a kasuwa: "Sun shiryu?"
Na ce tukuna. Ƴaƴan tsohuwa na nan da ransu,
sai kwana arba'in, in sun ƙare ɗaya-ɗaya a bakin aiki.
Ba a sauya wa zuma hali, Tankari,
jira ake a haifi wasu.

Jiya na buɗe ba safar hannu. Ko harbi ɗaya.
Amma da na ga tururuwa sun ja layi zuwa ƙofa
kuma ba mai gadin da ta fito,
sai na tuna da waccan.