Cokali na Uku

Dusar ƙanƙara ta danne rufin maƙera a Tsubame.
Tsuneo ya jera cokula uku bakin tanderu.
Na farko ya sha duka har ya taurare,
da aka lanƙwasa shi, sai ya tsage.

"Digiri ɗari bakwai?" in ji 'yarsa Chizuru.
A'a. Can tsatsa take kwana.
Ƙarfen da ya rantse ba zai yi ja ba
sai ya karya rantsuwa kafin shekara.

Dubu da hamsin, minti huɗu, sai ruwa.
Tururi ya rufe masa tabarau.

Allurar gwaji ta nutsa fiye da kima:
laushin ya zarce.
Ya lashi bakin fensir, ya soke hamsin ɗin,
ya miƙa hannu ga na uku.