Husainin Gari

Shekara ashirin da bakwai ina karanta kwantar ruwa.
Ƙafata ta haddace Bagalam tun ba a sa wa ƙofofi lamba ba.
Ka ce mini gida na ɗari huɗu da sha biyu, sai in yi tsaye;
ka ce gidan da bedi ya jingina da katanga,
yanzun nan in kai ka, ko da idona a rufe.

Sai ga Barira, ɗiyar ƙanena, da ordinatar a jaka.
Wai za su yi wa Maradi ɗan tagwai.
Na ce, garin da ya ga jikoki,
yau ne za a haifo masa Husaini?
Ta buɗe gilashin. Ga Mokoyo, ga Zariya, ga gangaren Gulbi,
ga tankin ruwa yana numfashi,
in ya ragu a can, shuɗinsa ya ragu a nan.
Na duba bedina. Babu.

Zane ba wuya, in ji ta. Harshe ne ciwon.
Masu ruwa sun san titin nan da lamba,
masu kuran sun san shi da turakunsu,
ma'aikatar magajin gari ta raɗa masa suna
wanda ko ɗan kabu-kabu bai taɓa ji ba,
asibiti kuwa ta rubuta: bayan gidan mai.
Kurame huɗu a tabarma ɗaya,
kowa na gyaɗa kai.
Ran Talata bututu ya fashe a Sabon Gari,
Husaini ya dafa Limanci ya ce nan ke masa ciwo.
Aka tona inda ba ruwa.

Na ja ta kasuwa, rumfar Tsahara mai gero.
Na ce, dubi tiya.
Wancan daga Dakoro ya zo, wannan daga Madarumfa,
ba su san sunan juna ba,
amma ta cika, an share baki, magana ta ƙare.
Ba ta da ubangida, shi ya sa kowa ya yarda da ita.
Tsahara ta yi dariya: akwai masu bubbuga mata gindi, Malam.
To, na ce, don haka ake awo a fili.

Yanzu kullum tana kan waya
da 'yan Damagaram, da wani ɗan Katsina mai gardama,
da waɗansu da rana ke faɗuwa musu lokacin da tamu ke tsaka.
Wata uku suna kan kalma guda: gida.
Ƙofa ce, ko tukunya?
Gidan Alhaji Nomau ƙofa ɗaya, murhu shida, kwantar biyu,
da rijiyar da ba a gaya wa kowa ba.
Ku zuba shi a akwatinku mu gani.

Abu ɗaya na roƙe ta.
Na san gidan da pampo ke kwana a buɗe
don ana wanke zanen mara lafiya.
Na san wanda wata uku bai biya ba, na kuma san dalili.
Na rubuta lamba, na haɗiye sauran.
In za ku koya wa garuruwa harshe ɗaya,
ku sa shiru a cikin haruffan.

Ba ta amsa ba. Ta dai rubuta.

Jiya bayan la'asar ta juyo mini da gilashin.
A ƙasan lamba, a ƙasan suna,
sun bar wani ɗan fili, wai dukkansu sun amince:
alamar da mutanen wurin suka sani.
Ta ce, Baba Mantau, fara.
Na gyara zama.
Na ce, rubuta bedi.