Ma'aunin Talata a Kurna

Duk Talata nake rataye ma'auni
a ƙusar da ke bakin ƙofar asibitinmu,
ɗan wandon yadi mai igiya biyu.
In zura ɗan mutum a ciki,
allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.

A bango, bayan kujerata, akwai wata takarda
da aka liƙa tun kafin a ɗauke ni aiki.
An ce manya ne suka taru a wata ƙasa mai nisa,
suka sa hannu, aka tafa:
kowane yaro na da haƙƙin suna,
da ci, da wasa, da a saurare shi.
Yoyon damina ya cinye rabin rubutun,
kiyashi na bin layin da ya rage.

Ni dai kilo na sani.

Barira ta zo da Sagiru, wata goma sha ɗaya.
Na naɗa ma'aunin damtse, ya faɗa ja.
Ta ce, "Haƙori ne."
Na ce haƙori ba ya cin cinya.
Ta dubi ƙasa.
Adaidaitar mijin, mai ita ya karɓe tun kafin azumi.
Na ƙirga mata ƙullin gyaɗar tamowa goma sha huɗu,
na ce nasa ne shi kaɗai,
alhali na san yayyensa uku za su lasa.
To, su ma ai takardar ta ambace su.

Wajen azahar layi ya yi sauƙi.
Sai ga wata 'yar shekara huɗu
ta janye hannunta daga na kakarta.
Na tambayi tsohuwar sunanta, yarinyar ta riga ta:
"Zinatu. Kuma ba ni ce marar lafiya ba."
Ta kwance goyo,
robar lemo ce da ɗankwalin tsumma,
an zana mata ido da gawayi.
"Ba ta cin abinci," in ji ta.

Kakar ta ɗaga hannu za ta make ta.
Na ce, Iya, bari, layinta ne.
Na saka robar a wando,
allura ko motsi,
na rubuta a bayan wani tsohon kati:
'Yar Zinatu, a dinga ba ta kunu.
Ta karɓa da hannu biyu
kamar mai karɓar takardar gida.
Ita kanta ba ta da ta haihuwa.
Na tura su teburin Malam Iliyasu
kafin ya kulle biro ya tafi salla.

Da yamma, ina sauke ma'auni,
nakan yi tunanin wata mace
a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba,
tana sauke irin nawa daga tata ƙusar,
bayanta na ciwo daidai inda nawa ke yi.
Ba mu je taron ba, ni da ita.

Talata uku bayan nan Barira ta dawo.
Sagiru ya cafke igiya, ya tsala ihu,
har mai sayar da awara a waje ta leƙo.
Allura ta wuce da layi biyu.
Na sake dubawa, don idona ya fara yi mini gardama.
Biyu ne.
Na ce, mai bi masa.