Takardar da Ta Zo a Akwatin Keken Ɗinki

A shagon Baba Sallau, bayan Titin Dilimi,
inda warin fenti ke riga sallama isa ƙofa,
akwai takardar da ke bango tun ba a haife ni ba.
Daga ƙasar Sin ta zo, a akwatin keken ɗinki,
an naɗe ƙafar ƙarfe da ita don kada ta karce.
Ya ware ta, ya bi ta da dutsen guga,
amma sawun ninkin na nan, ya ratsa wuyan wata yarinya.

Yarinyar tana kan tarakta.
Kumatunta jajir kamar tumatirin Farin Gada,
haƙora reras, ba giɓi.
A bayanta maza sun dunƙule hannu sama,
kowane damtse ya kai turmi,
kowa da ɗan jan littafi a ƙirji,
rana ta fito ja wur, ba ta sa kowa gumi ba.
Can ƙasa rubutu ne kamar sawun kaji a laka,
ba mu taɓa samun mai karanta mana ba.

Chundung mai kawo kabeji daga Bukuru
ta taɓa sauke kwando ta tsaya kallo.
Ta ce, "Baba, kabejin nan na gefen taya
ya fi randar ɗakina.
Wace gona ce wannan da tsutsa ba ta sani ba?"
Ya ce, "Gonar buroshi."

Shi ya koya mini duban abin da babu.
"Nemo mini tsoho," in ji shi. Na duba, babu.
"Nemo mai sosa ƙeya, ko mai ciwon haƙori,
ko wanda ya waiwaya don an kira sunansa."
Ya ce mai zanen gwani ne,
dubi hasken da ya ɗora a kan ƙusar taya.
Sai dai a gefen leɓe hannunsa ya yi rawa,
ya maimaita murmushin har sau uku.
"Wanda aka tsaya a kansa ne ke yin haka."

Yanzu yana ta rufe idon Baba,
buroshinsa sun bushe a gwangwanin madara.
Ni ke aikin, da kwamfuta.
Kakar zaɓe ta kama, shago ya cika.
Jiya wani ya ce in rage masa tumbi,
in shimfiɗa kwalta a bayansa, in kunna famfo,
in kuma cika fili da jama'a.
Mutum talatin gare ni, na yi ta liƙa su
har wata mai shuɗin mayafi ta fito sau bakwai,
tana tafi a duk inda na ajiye ta.

Daminar Jos ta sha jan takardar, ya koma ruwan goro.
Yarinyar ba ta rufe baki ba har yau.
Nakan ce, ko ya ci abinci ranar da ya zana ta?
Ko wa ya karɓa, ya juya, ya ce a sake?

Ƙarƙashin taraktar, inda ido bai cika zuwa ba,
iska ta kwantar da alkama duka gabas,
sai kara ɗaya da ya karkata yamma.
Baba yakan laluba da yatsa har ya same shi,
ya ce nan mutumin ya sa hannu.

Dare ya yi, injin na jiran in danna.
Na bar ramin nan na bakin gada
a gefen sabuwar kwaltar, ɗan mitsitsi,
da ruwan jiya a cikinsa.