Cokali da Kofi

Teburin shayina na ƙasan benen,
kwanar Dilimi, wajen masu gyaran waya.
A sama akwai ɗaki ɗaya, bangonsa duk kwalin ƙwai,
nan Sallau ke kwana da na'urarsa.

Ƙarfe biyun dare yakan sauko,
hula har kunne, sanyin Jos na cizon yatsu.
"Haɗa mini kauri, ban da sukari."
Sai ya ɗauki cokalina ya buga a kofi,
ƙwal, ƙwal-ƙwal, ya tsaya, ya sake,
kamar mai laluben allura cikin yashi.

Shi ya ba ni labarin wani Bature
can Suwidin, inda rana kan yi rowa wata da watanni.
Wai ya bar hawa dandali tun yana saurayi,
ya koma ɗaki yana yanka wa mawaƙa waƙa
kamar tela da yadin sallah.
Duniya na rera abin da ya ɗinka,
shi ko zai ratsa kasuwa ba mai ɗaga kai.
Na ce, "Kura da shan bugu ke nan."
Ya yi dariya. "Wannan kurar ta ci, Malam Ado.
Ta ci ta ƙoshi."

Bara Nanret ta zo daga Bukuru,
muryarta na rawa kamar ɗan akuya a ruwan sama.
Sau arba'in ya sa ta maimaita layi guda.
Ta sauko da kuka, na ba ta shayi kyauta.
Ya zubar da baiti biyu, ya jawo amshi gaba,
wai kunne ba ya son jira.

Yanzu fa? Cikin keke, shagon aski,
gidan biki a Rikkos, ko'ina ita.
Hotonta a Taminus ya kai tsayin bene.
Sunansa na can ƙasa, mitsitsi,
sai ka sa tabarau.

Jiya waƙar ta taso a rediyona.
Ana tsakiyar amshi na ji shi:
ƙwal, ƙwal-ƙwal.
Cokalina ne. Kofina mai tsagaggen baki.
Na dube shi, yana hura shayi, bai ɗago ba.
Na ce, "Bashin wata uku fa."
Ya ce, "Rubuta. Akwai wata tana tafe."