Layin Ƙarshe na Takarda

Ƙarfe biyun dare, ɗakin maza na uku,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Baba Tanimu, tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri,
ƙafarsa ta hagu ta yi baƙi har idon sawu,
ciwon suga ya riga ya cinye yatsu uku.

Takardar izini na hannuna.
Shekara biyu ina koyon tiyata:
na san inda aska za ta bi,
na san jijiyar da zan ɗaure kafin ta ɓalle,
ɗinki kuwa ko a duhu.
Wannan layi guda a gindin takarda
shi ne ba wanda ya zaunar da ni ya koya min.

Ɗansa Nafi'u ya zaro tawada daga aljihu:
"Likita, kamo babban yatsansa mu dangwala.
Ni ne babba, ni na biya kuɗin gado."
Tsohon na kirana Asabe,
yana tambaya ko an busa ƙahon tashi daga aiki.
Zazzaɓi ne ya ari bakinsa.

Sista Kande ta kife tafinta a kan tawadar.
"Yatsan nasa ne, amma mai yatsan ba ya nan.
Duba awonsa, ba na daren nan ba ne.
Ɗaura masa ruwa, ba shi allura,
ki jira ya dawo."

Ya dawo da kiran assalatu.
Ya nemi buta. Ya san yau Talata.
Ya san ni ba Asabe ba ce,
Asabe na kwance a Tudun Wada shekara tara.

Na jawo kujera.
Ban taɓa zama a gefen gadon majinyaci ba,
kullum a tsaye, rabin jikina na kallon ƙofa.
Na yi masa bayani da Hausar gida,
sannan na ce, "Baba, maimaita min."

"Za ku yanke daga ƙasan gwiwa.
In ba ku yanke ba, dafin zai hau jini,
wataƙila in ga sabon wata, wataƙila a'a.
Na ji, 'yata.
Ban yarda ba."

Nafi'u ya tafa hannu: "Kin gani? Ya ruɗe!"
Da jiya ne, da na gyaɗa kai,
don a lissafina na jiya
wanda duk ya ƙi shawarata hankalinsa ya gushe.
Doka kuwa tambayarta kaɗan ce:
ya fahimta? ya riƙe? ya auna? ya furta?
Ba ta tambaya ko zaɓinsa ya yi wa likita daɗi.

"Shekara talatin ƙafar nan ta tsayar da ni gaban inji,"
in ji shi, yana shafa zanen da ya rufe ta.
"Ba a sallamar abokin aiki da tsakar dare.
Ba ni zuwa Juma'a."

Juma'a na iya yin nisa. Na gaya masa.
Ya ce ya sani.

Na rubuta lokaci, na rubuta kalmominsa yadda suka fito.
Aka goge sunansa daga allon tiyata,
babban likita ya yi tsaki a waya.
Hannuna na ƙaiƙayi, ya san aikin da zai yi,
na cusa shi cikin aljihu.

A waje 'yan Keke Napep sun fara kiran Kawo.
Gobe zan koma da takardar,
da kujerar.