Lasifikar Ƙofar Direba

A garejina da ke Bradford, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa,
shekara goma sha ɗaya ina kwance ƙofofin motoci
ina leƙa maƙogwaron da ya dishe.
Hanci nake fara sawa kafin sukundireba.
In na ji ƙauri, naɗin tagulla ya soyu ke nan.
In na ji warin rima, to ruwan garin nan ne,
wanda ba ya sallama, ba ya ban kwana,
ya bi gefen gilashi ya sulale cikin ƙofa,
ya jiƙa takarda ta yi laƙwas
kamar burodin da ya faɗa shayi.

Na san samarin Manningham,
motarsu tana rawar ɗari a gaban danja,
sun ɗora wa akuya kayan raƙumi
suna mamakin karyewar baya.
Na san marowaci da amfilifayarsa 'yar tsurut,
ya murɗe ta ƙarshe yana neman abin da babu,
sauti ya fito da askakken kai,
yana dafa waya a hankali, a hankali.
Ashe yunwa ma tana kashe lasifika, ba ƙoshi kaɗai ba.
Wani kuma ƙaninsa ne ya yi masa haɗi,
aka bar waya tsirara tana gaisawa da ƙarfe.
Sai sanyin Janairu: roba ta sandare,
ka tashe ta da tsawa da asuba, ta tsage.

Duk waɗannan na san su.

Ran Talata Sallau Mairiga ya shigo da tasinsa,
dattijon da ko hon ba ya son dannawa.
Ya ce, "Ta ɓangarena ce, tana zuza
kamar ƙudan zuma a kwalba."
Na kwance. Ƙauri ya mare ni.
Na ce, "Malam, kai ma ka bi sahun yara?"
Bai yi dariya ba.
Ya laluba aljihu, ya ciro waya, ya danna.

Daƙiƙa arba'in da biyu.
Wata tsohuwa, ta riƙe wayar nesa da baki,
murya siririya kamar zaren ɗinki,
injin niƙa yana ta faman yi a bayanta.
"Sallau, ka ci abinci?
An ce can sanyi gare shi.
Ka riƙa rufe ƙirjinka."
Sai ƙwas, ta ajiye wayar a kan faranti.

Ta rasu bara, kwana tara bayan layya.
Bai samu zuwa ba.

Ya ce in ya sauke fasinjan ƙarshe a Leeds
ya hau babbar hanya, taya da iska sai su cinye ta,
sai ya ƙara, ya ƙara,
har maɓalli ya ce nan na tsaya.
Ita dai ba ta matsowa.
Injin niƙan ne ke girma,
da wannan ƙwas ɗin, kowane dare,
kamar guduma a kan takarda.

Me zan rubuta a rasit?
Na rubuta: tsufa.

Na sa masa sabuwa, na toshe inda ruwa ke bi.
'Yata Zuwaira ta kwana a kan kwamfuta,
ta rage injin, ta yanke ƙwas,
ta jawo tsohuwar kusa da taku biyu.
Na ce, "Kada ka wuce ashirin da biyar."
Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar mai ciwon suga
in likita yana zancen zuma.

Jirgin ƙarfe shida ya wuce ta samanmu,
ƙusoshi suka yi rawa a cikin gwangwani.
Na ɗauko wata lasifikar, girmansu ɗaya,
na rubuta sunansa a jikin kwalin,
na tura ta saman kanta, can inda ɗigo ba ya kaiwa.